Ramukan yaƙin 1914–1918 a kan tebur: a haƙa su cikin allo ko a ɗora su a sama?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata a kan teburin wasan yaƙi ce, tsawonsa santimita 180, faɗinsa 120. Sojojin ƙananan mutum-mutumi ne 'yan milimita 28, kowanne a kan faifai mai faɗin milimita 25. Ana so a yi fagen yammacin Turai na Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingilishi a gefe guda, Jamusawa a ɗaya gefen. Wanne ya fi, a sassaƙa ramukan a cikin allon fom mai tauri (ba soson katifa ba), ko a gina su daban a riƙa ɗorawa a kan shimfiɗa? Kuma zurfi da faɗi nawa ne daidai?

Mai Awo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa reza, ɗauki biro. Sojan milimita 28 yana kan ma'aunin kusan 1 bisa 56, wato kowace milimita guda a tebur santimita 5.6 ce a fili. Cikakken ramin gaba yakan kai kimanin mita 2 daga inda ake takawa zuwa saman tudun gaba, ka ga milimita 36 ke nan. Wannan babu matsala. Matsalar tana wajen faɗi. Ƙasan ramin gaskiya bai cika kaiwa mita guda ba, a tebur milimita 18 ko ƙasa da haka, kai kuma faifanka 25 ne. Dole faɗin ya yi ƙarya, in ba haka ba sojan ba zai shiga ba. Ka yanka milimita 36 a ƙasa, domin katako da kwanon da za ka manna a bango za su cinye 3 a kowane gefe, a bar maka 30. A sama ka buɗe shi zuwa 45, bangon ya ɗan jingina baya. Yatsu biyu ne za su shiga su ɗauko sojan, ga kuma banati, wuƙar bakin bindiga, da ke leƙowa gaban faifai.

Ni ina bayan haƙawa. Amma kada ka ɗauki fom mai kaurin milimita 50 ka ce za ka ƙwaƙule shi, ƙasan ba zai taɓa daidaituwa ba. Samo guda biyu, na ƙasa mai kaurin 20, na sama mai kaurin 30. Zana ramin a kan na saman, ka yanke shi ya ɓulle, sannan ka manna shi a kan na ƙasan. Ƙasan rami ya fito sumul ba tare da wahala ba, na ƙasan kuma ya ba ka sararin haƙa ramukan harsashin igwa da magudanar ruwa.

Kafintan Unguwa: Ƙari a kan maganar Malam Mai Awo. Raba teburin gida 6, kowane allo 60 da 60. Gindinsa ya zama MDF (allon garin katako da aka matse) ko filawud mai kaurin milimita 6 aƙalla, 9 ya fi. Na milimita 3 zai lanƙwashe da zarar gam da fila (kwaɓin cike tsagar bango) sun bushe a fuska guda, saboda suna ja ne in suna bushewa. Maganinsa ka shafe allon gaba da baya da gefuna da fenti ko banish tun kafin ka manna komai, yadda fuskokin biyu za su riƙa shan danshi daidai. MDF da bai sha fenti a gefe ba, damina guda ta ishe shi ya kumbura.

Sai gam. Farin gam na kafintoci ba ya cin fom, amma sai da iska yake bushewa. In ka malala shi tsakanin fom biyu, gefe zai bushe, tsakiya kuwa ta yi mako tana ruwa. Ja shi layi-layi siriri, ka soka tsinken tsire a karkace wuri takwas ko goma ya riƙe, ka ɗora littattafai ko bulo, ka ba shi kwana 2. Sufa gulu, gam ɗin masu gyaran takalmi, da duk abin da ke warin tina, nesanta su da fom. Narkar da shi suke yi nan take.

Sabon Shiga: Na gode Yaya. Wane irin fom ke nan? Farin nan da ke zuwa cikin kwalin firji zai yi?

Kafintan Unguwa: Zai yi, amma da haƙuri. Wanda aka fi so shi ne XPS, mai tauri, mara ƙwaya, wanda ake sa wa gini don tare zafi, yakan zo shuɗi ko ruwan hoda. Yana yankuwa tas, yana karɓar sanfefa. Farin na kwali ƙwaya-ƙwaya ne, in rezar ta dakushe ko kaɗan sai ya riƙa marmashewa, kuma ƙwayoyin suna nunawa ta ƙarƙashin fenti kamar fatar kada. In shi ka samu, canza reza duk bayan yanka biyar ko shida, kada ka danna, ja ta sau uku a hankali a kan layi guda. Bayan nan lulluɓe duk fuskarsa da takardar goge hannu da ka jiƙa a gam da ruwa rabi da rabi. Masu yanka da waya mai zafi su yi a tsakar gida, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Baba Mai Dalma: Yara kun yi gaba da haƙa kamar an gama magana. Allon da aka haƙa kyakkyawa ne, ba musu, amma fage guda ya ba ka. In fagen kogin Som na Faransa ka haƙa, yau Som, gobe Som, jibi Som. Allo 6 masu tsayin santimita 7 ko 8 kowanne, in ka jera su a ɗaki sun kai rabin mita, ga ƙura ga gara. Ramin ɗorawa kuwa akwati guda ya ishe shi, kuma yau ka shimfiɗa shi a tsaye, gobe a karkace, jibi ka cire shi gaba ɗaya ka yi wani yaƙin a kan teburin. Wanda bai da ɗakin ajiya na musamman ya yi tunani sau biyu.

Mai Awo: Allah ya ƙara girma Baba, amma ramin ɗorawa ai kunyar dankali yake zama a kan tebur. Soja yana cikin rami amma ya fi wanda ke fili tsayi.

Ɗan Tarihi: A nan Baba yana da hujjar da ta fi ta ajiya ƙarfi. A Filandas, yankin Ifir na Beljiyam da kewayen Armantiye, ruwa yana kusa da fuskar ƙasa, ana haƙa ƙasa da mita guda sai ya ɓuɓɓugo. Don haka a wurare da yawa ba ƙasa suka yi ba, sama suka yi: ɗan rami mara zurfi, sannan katangar buhunan yashi da ƙasa a gaba da baya. Wanda ya gina ramin ɗorawa ya ce Filandas yake yi, bai saɓa wa tarihi ba. Som kuwa ƙasar alli ce, mai tauri, tana haƙuwa ta tsaya. A can ne Jamusawa suka yi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu zurfin da ya kai mita 9, suka zauna ciki har aka gama mako guda ana yi musu ruwan igwa, suka fito da mashinga ranar 1 ga Yuli 1916. Ingila ta yi asarar mutum 57,470 a wannan yini, 19,240 daga ciki matattu. Mai son wannan fage, haƙa ta kama shi.

Saboda haka ƙanena, tambayar farko ita ce wace shekara, wane wuri. Ramin ƙarshen 1914 kusan kwata ce kawai, babu katako, waya kaɗan. Na 1916 ya sami layi uku, na gaba, na tallafi, na ajiya, da hanyoyin rami masu haɗa su. Daga 1917, bayan Jamusawa sun ja baya zuwa Layin Hindinbag, sabon layin tsaron da suka gina, sai ka ga ɗakunan kankare da waya mai faɗin gaske. Kada ka dasa ɗakin kankare a teburin 1914.

Baba Mai Dalma: Madalla. Kuma maganar kunyar dankali, gangara ce ba a yi daidai ba. In tsayin tudun milimita 25 ne, ba shi gangarar milimita 75 a gaba, wato 1 bisa 3. A haka soja zai tsaya a kai ba ya kifewa, ido kuma ba ya ganin tudu, sai ƙasa da ta ɗan tasa. Gindin ya zama MDF na milimita 3, a fiƙe bakinsa da sanfefa ya kwanta da shimfiɗa, a shafe shi gaba da baya. Guntaye su zama tsawon santimita 15 da 30, da kwana, da mahaɗa mai baki uku, da ƙarshe. Launin gefensu ya zo ɗaya da na shimfiɗar, nan ne yawanci asiri ke tonuwa.

Sabon Shiga: To na karkata ga Som, 1916, in haƙa. Ramin miƙaƙƙe zan ja daga gefe zuwa gefe?

Ɗan Tarihi: A'a, sam. Ba a jan ramin gaba a miƙe, don in abokin gaba ya faɗo ciki da bindiga, ko harsashin igwa ya fashe a ciki, kowa ya tafi. Ingilishi sukan yi shi kamar haƙoran ganuwa: zauren harbi mai tsawon mita 5 zuwa 9, sai a zagaye wata gwiwar ƙasa da aka bari ba a haƙa ba, sai wani zauren. Hanyoyin da ke komawa baya kuma su tafi a karkace, hagu da dama.

Mai Awo: A tebur, zauren harbi ya zama santimita 13, ya ɗauki soja 5 kafaɗa da kafaɗa. Gwiwa ta zama faɗin santimita 5, ta shigo baya santimita 4. Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne kwana: faifai zagayayye yana wucewa, amma mashinga da ma'aikatanta a kan faifan milimita 50 ko 60 ba su da wurin zama. Tun a zane ka ware musu gurbi biyu ko uku a kowane layi.

Abu mafi muhimmanci ga mai allo 6: duk inda rami zai fita daga allo, ya fita a tsakiyar gefen daidai, santimita 30 daga kowace kusurwa. Yanka siffar bakin ramin a jikin guntun filawud, ya zama shi ne ma'auninka, kowane baki da shi za ka zana. In ka yi haka allo yana juyuwa ya haɗu da kowane ɗan'uwansa, ƙorafin Baba na fage guda ya ragu. Santimita 3 na ƙarshe kafin baki kada ka sa tudu ko rami, ƙasar ta koma tsayin fom ɗinta.

Injiniya: Ina da ja a kan zurfin 36. Sojan da ke tsaye a ramin milimita 36 ya ɓace, ba a ganinsa, ba ya ganin kowa. A gaskiya dakalin harbi suke hawa, wanda ke ƙasa da saman tudu da kimanin mita 1.35, wato milimita 24 a tebur. In za ka yi dakalin da zai ɗauki faifan 25, ramin ya koma faɗin milimita 60, fiye da mita 3 ke nan a fili. Wannan ai titi ne.

Mai Awo: Gaskiyarka Injiniya. To mafita?

Injiniya: Biyu ce. Ko dai a ɗaga ƙasan zauren harbin baki ɗaya da guntun fom na milimita 10 zuwa 12, ya zama duk wanda ke zauren kansa da kafaɗarsa sun fito, a bar cikakken zurfi a bayan gwiwa da hanyoyin baya kawai. Ko kuma a yi ɗan dakali na ado, faɗin milimita 8, a yarda a dokar wasa cewa duk wanda ya jingina da shi yana harbi. Na farkon ya fi kyau a hoto, na biyun ya fi kama da ramin gaske. Wanda ba ya yiwuwa shi ne a haɗa dakali cikakke da rami siriri.

Wani abin kuma da ba a faɗa ba: santimita 120 a ma'aunin 1 bisa 56 mita 67 ne kacal. Tazarar da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu takan kai mita 100 zuwa 300 a wurare da yawa, ko da yake akwai inda ba ta kai 30 ba. Ke nan sojan 28 ya dace da samamen dare, mutum 20 ko 30 su tsallaka su kamo fursuna. Mai son bataliya guda ta tashi gaba ɗaya ya sauka zuwa 'yan milimita 15 ko 10. Kada a cusa layi uku-uku a wannan tebur. Layin gaba na kowane ɓangare da guntuwar hanyar baya sun isa, a bar aƙalla santimita 60 a tsakiya.

Uwar Fenti: Kun gama awo? To ga kayan ciki, kuma bi da bi ake yi: bango, ƙasa, buhuna, taɓo, fenti, waya, ruwa. Wanda ya sa waya kafin fenti zai gane kurensa.

Bango: sandunan motsa shayi ko na askirim, a tsaga su faɗin milimita 4, a kwantar, a tokare da tsinken ashana a tsaye duk bayan santimita 2.5. Kwano: ɓare fuska guda ta siririn kwali mai ƙananan layuka, a yanka milimita 15 da 35, a shafa masa gam ya yi tauri. Layukan babban kwali sun yi girma, sai su zama kamar bututu. Jamusawa sun yawaita saƙar rassa, kamar zana, ita kuma siririyar wayar tagulla ake saƙawa tsakanin tsinkaye. Kada bango ya zama iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, gauraya, ka bar wani wurin ya rufta.

Katakon takawa: dogaye biyu a ƙasa, gajeru a gicciye masu tsawon milimita 20, da 'yar tazara. Manna su, kada ka bar su a sake, kuma su kwanta daidai, in ba haka ba kowane soja zai tsaya a karkace.

Buhun yashi cikakke kimanin santimita 50 da 25 da 13 ne, a tebur milimita 9 da 4.5 da 2.3. Yawancin mutane suna yin su kamar buhun masara, sun ninka haka. Murza yumɓun da ke bushewa da iska ya zama igiya mai kaurin milimita 5, danne ta kaɗan, yanka duk milimita 9, ɗora tun yana ɗanye a kan gam, danna da guntun tsohuwar riga don saƙar ta fito. Jera su kamar bulo, layi a tsaye layi a gicciye, bakin ɗauri yana ciki. Yumɓu yana tsukewa in ya bushe, don haka layi biyu za ka yi ka bari ya kwana. Lokacin hunturu rufa masa ɗanyen ƙyalle, in ba haka ba iska ta tsattsaga shi kafin ya kama.

Ɗan Tarihi: Hajiya, a ƙara da wannan: tudun Ingilishi yakan fito a jere tsaf, na Jamusawa kuwa da gangan suke hargitsa shi, buhuna masu launi daban-daban da tarkace, don kada a gane kafar da maharbi ke leƙe.

Uwar Fenti: Haka ne Malam, kuma yana sa a bambance ɓangarorin biyu daga nesa. Taɓo: awo 2 na filar bango, 1 na farin gam, 1 na yashin da aka tankaɗe da rariya, da fentin ruwa mai launin ƙasa har kwaɓin ya yi duhu. Fentin cikin kwaɓi shi ne ke hana farin tabo in allon ya gwaru. Kaurinsa kamar kunun da ya yi sanyi. Shafa milimita 2 zuwa 3, fiye da haka zai tsage. Tura shi ya hau gindin buhuna da katako, kada su zauna a sama kamar an ajiye su yanzu. Mai amfani da ƙasar waje ya gasa ta a tsohuwar tukunya tukuna, saboda ƙwari da fumfuna.

Fentin feshi na gwangwani yana cin fom duk inda taɓon bai rufe ba, ko da huda ce kamar ta allura. Buroshi da fentin ruwa ya fi aminci. Fara da ruwan ƙasa mai duhu ko'ina, sai tsinkakken baƙi cikin rami da ramukan igwa, sai busasshen buroshi (wanda aka goge kusan duk fentin jikinsa) hawa biyu, kowanne ya fi na baya haske. Tunda Som ce, ƙasar da aka tono ta tudun gaba da ta baya da bakin ramukan igwa ta zama fari mai ɗan rawaya, domin alli ne ya fito. Hotunan jirgin sama na lokacin da fararen layukan nan ake gane ramuka. Kuma a Yulin 1916 tsakiyar fili akwai doguwar ciyawa. Baƙin taɓon da babu ko tsiro na yaƙin Fashandel ta Beljiyam ne a 1917, da Som ɗin ƙarshen 1916 bayan ruwa ya sauka.

Injiniya: Waya mai ƙaya: murɗa siraran wayoyin tagulla biyu na milimita 0.2 ko 0.3, daga tsohuwar wayar lantarki, da injin huda a hankali. Ko ka yanko zare guda daga ragar sauro ta taga, guntayen da suka rage a gefe su ne ƙayoyin. Turaku tsinken sakace ne, tsayin milimita 20. Kada a dasa ta a jikin allo. Yi ta a kan guntaye masu santimita 10 da 4 da ake ɗagawa, don in igwa ta share wani wuri a wasa sai a cire guntun, kuma allo ya jeru a ajiya ba tare da an murƙushe ta ba. Launi ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon tsatsa, ba azurfa ba.

Ruwa a ramin igwa: banish mai sheƙi hawa uku ko huɗu ya isa. Mai son zurfi ya sa rezin na ifoksi, wani ruwa mai daskarewa garau, milimita 2 zuwa 3 a zubi guda, domin yana zafi in yana kamawa, zubi mai kauri zai narkar da fom. A toshe ramin da gam hawa biyu tukuna, in akwai huda da safe za a tarar ruwan ya tsiyaye. Rezin ɗin masu aikin faiba kuwa, mai warin nan, cinye fom yake yi gaba ɗaya.

Baba Mai Dalma: Tunda an zo nan, akwai fagen da ya fi kusa da mu wanda ramin ɗorawa ya dace da shi: Garwa ta Kamaru, a bakin Binuwai, lokacin tana hannun Jamusawa. Sojojin Rundunar Najeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun taso daga Yola suka afka wa ganuwoyin Jamusawa a ƙarshen Agustan 1914, aka kore su, kwamandansu Maclear ya mutu a wurin. Aka dawo a 1915 ƙarƙashin kwamanda Cunliffe tare da Faransawa da manyan bindigogi, ana haƙa rami ana matsowa da dare, har Jamusawan suka miƙa wuya ranar 10 ga Yuni. Abin da tebur ke buƙata shi ne ganuwar ƙasa a kan tudu, waya, da ramukan tarko masu tsinin mashi a ciki. Babu katakon takawa, babu kankare.

Ɗan Tarihi: Da Mora kuma Baba, a arewacin Kamaru, inda kwamandan Jamusawa von Raben ya riƙe dutse har 18 ga Fabrairu 1916. Can katangun duwatsu za a jera maimakon buhuna, tsakuwar da aka tankaɗe mai girman milimita 3 zuwa 5 ta wadatar.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Saura abu guda: gefen fom ɗin ba zai riƙa gutsurewa ba wajen ɗauka da ajiyewa?

Kafintan Unguwa: Zai gutsure in ka bar shi tsirara. Zagaye kowane allo da siririn filawud na milimita 3, ka yanke bakin ramin a jikinsa da ma'aunin nan da Malam Mai Awo ya faɗa. Amma ka cire kaurinsa daga lissafi tun farko: fom ɗin ya zama 59.4 da 59.4, in ba haka ba allo uku a jere za su zarce teburin da kusan santimita 2. Wajen ajiya, sa guntun katako mai tsayin santimita 4 a kowace kusurwa tsakanin allo da allo, kada na sama ya zauna a kan buhunan na ƙasa, kuma ka ɗaga na ƙarshen daga daɓe saboda gara.